Safa a Idon Kyamara

"To safar wace ce wannan, in ba taka ba?"

Baji Gulnaz, wato Yaya Gulnaz, ta ɗaga safar da yatsu biyu, kamar ta tsinto mataccen ɓera. Baƙa ce, ta huje a dunduniya. Sai haki take yi, domin matakalar da ke hawa ɗakin ƙanenta Ishtiaq ba ta tausayin mai ciwon gwiwa, ga zafin garin Multan na lokacin mangwaro.

"Ban ce ba tawa ba ce, Baji."

"Au, ka ma amsa. Na ɗauka za ka ce aljanu. Duk garin nan wa ke sa safa a wannan zafin in ba kai ba?"

"Zauna ki huta."

"Ban zo zama ba. Tambaya na hawo da ita, Guddu. Me kyamarar ɗana ta yi maka?"

Guddu sunansa ne na yarinta. Yanzu furfura ta fara leƙo masa a gefen kunne, kuma duk duniya ba wanda ya rage yana kiransa da wannan suna sai ita. Tun da iyayensu suka rasu ya ba wani tela hayar ƙasan gidan, shi ya tattara ya koma ɗakin kan soro, daga shi sai kwamfutoci da tattabarun maƙwabta. Ba mata, ba ɗa. Baji tana aure a ƙarshen layi, kuma ita ce kullum da azahar take hawo masa da abinci a kwano mai hawa uku. Makullin ɗakinsa yana ɗaure a bakin mayafinta, makullin gidanta yana rataye a ƙusa bayan ƙofarsa. Ita ƙofar ma tana da nata hali. Sakatarta ba ta kamawa sai an buga ta da ƙarfi, kuma Baji ba ta taɓa bugawa. A buɗe take barinta in za ta sauka, wai don hayaniyar layi ta riƙa shigo masa, kada ya manta yadda muryar mutum take.

Aikinsa kuwa, ba a taɓa gane kansa a layinmu ba. Wasu sun ce zaman banza yake yi. Wasu sun ce ɓarawon zaune ne, irin masu kwashe wa mutum ajiyarsa ta waya. Mai sayar da madara ya rantse ɗan leƙen asiri ne. Gaskiyar maganar ita ce, kamfanoni ne da kansu ke cewa a zo a gwada musu ƙofofin manhajarsu. Kamar dai a sa mutum ya bi kasuwa yana tura ƙofar kowane shago. In ya sami wadda ba ta kullu ba, ba ya shiga, ba ya ɗaukar ko allura. Sai ya je ya raɗa wa mai shagon, ya kuma rufe bakinsa har a gyara. Wannan rufe bakin shi ne rabin sana'ar. Wanda ya yi surutu kafin gyara, ɓarayi ya yi wa aiki.

Ishtiaq gwani ne, haka aka ce. Kamfanonin ƙasashen da bai taɓa takawa ba suna rubuta godiya gare shi a shafukansu, amma da wani laƙabi da ko yayarsa ba ta sani ba. Abokan aikinsa bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Ranar da ya gano ɓaraka mafi girma a rayuwarsa, ya fito kan soro yana murmushi, ya duba hagu ya duba dama, ba kowa sai tattabaru. Ya watsa musu gutsuren gurasa ya koma ciki.

To ga yadda kyamara ta shigo zancen. Tanvir, ɗan Baji, yana aiki a Maskat. Bayan tafiyarsa matarsa Mehwish ta haifi 'ya, Zunaira, bai taɓa ɗaukarta a hannu ba. Sai ya aiko da wata 'yar kyamara fara, aka ɗora ta kan kabad ɗin falo tsakanin furannin roba. Duk lokacin da ya sami sarari a wurin aiki, sai ya buɗe waya ya ga 'yarsa tana rarrafe. Baji kuwa ba ta bar gida ko ɗaya ba ta kai labari ba. Kafin wata ya mutu, duk mai ɗa ko miji a ƙasar waje ta sa an sayo mata irinta. Tana da arha, ana zuba ta a kasuwa kamar albasa.

Shi kuma Ishtiaq ba ya iya ganin abu mai waya a jiki bai buɗe cikinsa ba. Ya je ya sayo guda biyu. Ya sa ɗaya tana kallon butar shayinsa, ɗaya tana kallon bango. Bai daɗe yana lalube ba, sai ga butar shayinsa a allon kwamfuta ta wata hanya da bai kamata ta buɗe ba. Ba a tambaye shi kalmar sirri ba, ba a tambaye shi ko shi wane ne ba. Ya gwada ta biyun, ga bango. Nan ya tsaya, ya ɗauke hannu daga kwamfutar. Bai buƙaci ya gwada ta kowa ba. Ya riga ya san duk wanda ya gano wannan hanyar zai iya leƙa falon kowa, ɗakin kowa, a dubban gidaje.

Ya sanar da kamfanin yadda aka saba. Suka yi godiya, suka ce ya yi shiru har su toshe, ya ce ya yi alkawari. Daga nan suka shiga jan ƙafa.

Ranar Juma'a ya je cin abinci gidan Baji. Yana zaune a falo, Mehwish ta wuce ba ɗankwali, ta zauna a kusurwa ta juya baya tana ba yarinya nono. Ta juya wa kawun mijinta baya, ta fuskanci kabad. Ishtiaq ya ɗaga kai ya ga ɗan idon nan na gilashi. Ya ajiye lomar da ke hannunsa.

Za ku ce ai sai ya gaya wa yayarsa. To ba ku san Gulnaz ba ne. Ba muguwa ba ce, Allah ya sani, in ta ji maƙwabciya ba lafiya ita ce farkon zuwa da romo. Magana ce dai ba ta kwana a cikinta. Shekarun baya da aka je nema masa aure, iyayen yarinyar suka tambayi ofishinsa, ya ce ba shi da ofis, suka ce za su yi shawara. Mutum ɗaya tak Baji ta gaya wa. Kafin magariba mai madara yana dafa masa kafaɗa yana ba shi haƙuri. In ta ji kyamarar nan tana da ɓaraka, kafin la'asar matan layi sun ji, kafin gobe samarin da ke gyaran waya a kasuwa sun ji. Su kuwa a nuna musu bangon da ramin yake kawai suke buƙata, sauran aikin za su ƙarasa.

Saboda haka ya yi abin da irinsu kan yi, masu ganin gyaran abu ya fi bayani sauƙi. Da matan suka shiga kicin da kwanuka, ya taka kujera, ya zare wayar wutar, ya fito da ɗan sukundireban da ba ya rabuwa da aljihunsa, ya cire wani ɗan abu daga cikin kyamarar wanda bai wuce ƙwayar wake ba. Ya mayar da ita mazauninta. Amma idon bai daina kallonsa ba, ko da yake ya mutu. Sai ya cire safarsa ta ƙafar hagu ya rufa mata, ya gyara furannin roba. Ya koma gida ƙafa ɗaya ba safa.

Abu ɗaya gwanin namu ya manta. Kyamarar tana aika abin da ta gani kafin a kashe ta.

Kuma kamar da gayya, a wannan yammacin Zunaira ta saki gefen gadon igiya ta taka da ƙafarta har jikin kakarta. Baji ta ɗaga ta sama tana juya ta wajen kabad, tana cewa Tanvir ya gani, ya gani. Tanvir bai ga komai ba. Da ya koma baya ya duba abin da kyamarar ta ɗauka na ƙarshe, sai ga hancin kawunsa yana matsowa har ya cika waya, daga nan duhu.

"Yaron nan kuka ya yi mini a waya," in ji Baji. Ta jefa safar kan kwamfutarsa. "Namiji mai gemu. Ya ce, Kawu me na yi masa? Na rasa amsa. Mun mayar da ita soket, ko motsi. Ka taɓa cikinta, ko?"

"Na taɓa."

"Ba ni abin da ka cire."

Idonsa ya kai kan gwangwanin ganyen shayin da ya ɓoye abin a ciki, ya yi maza ya ɗauke. "Ba yanzu ba."

"Sai yaushe?"

"Ban sani ba. Ba a hannuna yake ba. Ku riƙa kiransa a waya yana ganinta."

"Mutumin da ke tsaye a kan ƙafarsa tun safe, mai gidansa na bisa kansa? Leƙawa yake yi ya mayar aljihu. Kai da ba ka taɓa yi wa kowa aiki ba, ina za ka sani." Ta share gumi da bakin mayafi, makullinsa yana lilo. "Ka san abin da ake faɗa a layi? Wai baƙin ciki ne. Wai don ba ka da naka, ba ka son ganin wani yana murna da nasa."

Yana son yarinyar nan fiye da yadda ya iya nunawa. Akwai wata 'yar mota ta katako a ƙarƙashin gadonsa, ya saya tun tana wata uku, yana jiran ta isa wasa da ita.

"Shekara nawa ina tare maka faɗa?" ta ci gaba. "Aka ce ɓarawo, na ce ƙarya. Aka ce taɓin hankali, na ce karatu ne ya yi masa yawa. Na ce aikin sirri yake yi wa manya. Ni kaina ban san me nake karewa ba. Yau ka shiga gidana da makullin da na ba ka..."

"Ke kika gayyace ni cin abinci."

"Kada ka gyara mini magana."

Wuta ta ɗauke. Fankar sama ta yi ta juyi a hankali har ta tsaya. Daga ƙasa aka ji keken tela ya koma na ƙafa.

"Akwai dalili, Baji," ya ce. "Mai kyau ne. Na yi alkawarin ba zan faɗa ba tukuna."

Ai kuwa sai fuskarta ta canza. Duk wanda ya san ta ya san wannan kallon, irin na kyanwa in an buɗe tukunyar madara. Ta ja kujerar da ta ce ba za ta zauna a kai ba, ta zauna. Ta jawo kwanon abincin, domin duk da fushin ba ta hawo hannu wofi ba. Ta buɗe hawa na farko, gurasa mai zafi. Na biyu, miyar wake da man shanu yana yawo a kai. Na uku, mangwaro yankakke, an cire masa ɓawo yadda take yi masa tun yana ƙaramin yaro mai ɓata riga.

"Ci," ta ce, murya ta yi laushi. "Ka rame. Alkawari da wa?"

"Mutanen aiki."

"Su wa? 'Yan ina?"

"Ba ki san su ba."

"Kai ka san su? Ka taɓa ganinsu?"

"A'a."

"To." Ta matso da kujera. "Ni da kai ne a nan, Guddu. Ko tattabarun sun tafi inuwa. Gaya mini a kunne. Wallahi daga nan sai kabarina."

Allah ya sani ya so ya faɗa. Ba ma don ya wanke kansa kawai ba. Makonni ke nan abin yana cikinsa kamar ya haɗiyi dutse. Yana bi ta layi yana kallon tagogin mutane, yana san wane gida ke da ita, ba halin ya ce uffan. Bai taɓa samun wanda ya matso da kujera ya ce ba ni labarin aikinka ba. Ga shi yau an matso. Ya ga kansa yana nuna mata butar shayin a allo, tana riƙe baki, tana cewa ashe ƙanena haka yake. Har ya buɗe baki.

Sai wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta sake yi. Ta ciro don ta kashe, yatsanta ya taɓa inda bai kamata ba, sai ga muryar wata daga cikin matan layi ta cika ɗakin: "Gulnaz, har yanzu kina sama? Muna nan gidan Sajida, shayi na hucewa. Me ya ce?"

Baji ta danne wayar a cinya. Suka kalli juna.

"Su dai jira kawai suke yi," ta ce. "Ba wai zan gaya musu ba."

"Na sani."

"Ka san me?"

"Na san ba ki yi niyya ba. Ba ki taɓa yin niyya ba." Ya mayar da murfin mangwaron a hankali. "Ba zan iya ba, Baji."

Ta miƙe. A miƙewar ne idonta ya faɗa kan teburin da ke bayan ƙofa, inda kyamarori biyu farare suke zaune, ɗaya tana kallon buta, ɗaya tana kallon bango. Ta daɗe tana kallonsu. Ba ta yi boko mai nisa ba, amma ba a taɓa cewa kanta ba ya ja ba.

"Irin tamu ce," ta ce.

Ya kau da kai.

"Guddu. Kalle ni. Ka taɓa leƙa gidana ta cikin wannan abin naka?"

"A'a."

"Gidan wani?"

"Na rantse da Allah, da kabarin Ammi, ban taɓa ba. Butata kawai na gani."

Ta yarda. Ya ga yardar a fuskarta, ya kuma ga ba ta rage komai ba.

"To me ke damun kyamarar?"

Ya sunkuyar da kai. Ko ya ce e, ko ya ce a'a, ko ya ce ta juya ta ta kalli bango, duk labari ne da zai sauka matakala tare da ita.

"Ni na yi maka wanka," in ji Baji. Yanzu ba ta ɗaga murya, kuma hakan ya fi tsoratar da shi. "Ni na goya ka ranar da Ammi ta kwanta. Mutanen da ba ka san ko suna da hanci ba, ka ba su amana. Ni da na san yawan tabon da ke gwiwarka, ka mayar da ni lasifikar masallaci."

"Ba haka ba ne."

"Haka ne mana. Kuma wataƙila ka yi gaskiya, shi ya fi ciwo." Ta sa hannu ta goge ido da sauri, kamar ƙuda ne ya faɗa. "Abu biyu, ka zaɓi ɗaya. Ko ka ba ni abin da ka cire, ko ka ba ni dalili."

Gwangwanin shayin yana nan kusa da gwiwar hannunta. Ya tuna Mehwish a kusurwa, ta juya masa baya don kunya, ta fuskanci kabad. Ya tuna sauran gidajen da ba su da kawu mai sukundireba.

"Ki yi mini haƙuri kaɗan. In an gama, ke ce farkon wadda zan gaya wa. Har kan soro zan hau in yi shela in kina so."

"In an gama yarinya ta iya gudu. Tanvir ya ce zai aiko da wata."

"In irin wannan ce, zan zo in cire nata ma."

Bai yi niyyar ya faɗe ta haka ba. Mutumin da ya saba magana da kwamfuta bai iya sa wa zance mai ba.

Baji ta gyaɗa kai. Ta kama bakin mayafinta ta fara kwance ƙullin. Ya daɗe a ɗaure, ya ƙi, sai da ta sa haƙori. Ta ajiye makullin ɗakinsa a kan tebur, kusa da safar. Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta zare nata daga ƙusa.

"Baji."

"Kwanon ka ba tela ya aiko mini. Ba sai ka kawo ba."

"Baji, gwiwarki. Bari in riƙe ki ki sauka."

"Na hau ni kaɗai."

Ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a kan marfin. Daga layi ana jin mai mangwaro yana tallan kayansa, yara suna faɗa a kan ƙwallo, wata tana ƙwala wa wata kira daga taga. Ishtiaq ya jira ta ce Guddu, ko da zagi ne zai biyo baya. Ta dube shi, ta dubi kyamarorin nan biyu da butar shayinsu.

"Sai ka yi ta kallon butarka, Ishtiaq," ta ce.

Ta fita, ta ja ƙofar da duk ƙarfinta. Sakatar ta kama.